Gishirin Masu Ciki

Ranar Asabar da safe, a daminar shekarar da soja suka koma bariki, mata masu ciki suka yi layi a ƙofar wani ɗan asibiti da wata ƙungiyar agaji ta buɗe a Tarauni, kowacce da kwanonta. Caleb mai kula da sito ya buɗe kwaɗo, ya tura ƙyaure, sai ya tsaya cak. Ɗakin fayau. Buhunan gishirin da ya bari jingine da bango babu ko ɗaya.

Ba gishirin kasuwa ba ne. Na gwaji ne, an gauraya shi da aidin mai hana maƙoƙo da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ana raba wa masu ciki kyauta. Tun zuwansa unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce matansu sun daina jiri. Wasu suka ce in ya taɓa zoɓo ko miyar yakuwa sai su yi duhu, kuma abin da ke baƙanta miya wa ya san abin da zai yi wa mahaifa?

Kafin hantsi magana ta zaga. Kwaɗo lafiya lau, makulli kuma a hannun mutum ɗaya yake, Caleb, baƙo daga Filato. Masu cewa guba ce da masu cewa magani ne, ranar bakinsu ya zo ɗaya. Samari suka nufi ɗakin da yake haya a Gyaɗi-Gyaɗi suka yi ta ruwan duwatsu, ɗaya ya fasa wa 'yarsa ƙarama goshi. Da ƙyar mai unguwa ya kore su, bayan ya yi alkawarin zai tara kowa gobe da la'asar.

*

Baba Isyaku ya tsufa yana bin sawun shanun sata a dajin Sumaila. Da matarsa ta rasu, 'yarsa Kulu ta matsa ya dawo wurinsu a Gyaɗi-Gyaɗi. Birni bai karɓe shi ba. In ya zauna a tabarma sai ya miƙe, in ya fita sai ya rasa inda za shi, ya zaga layi ya dawo ya sake fita.

Yana tsakar gida Kulu ta shigo da kwanonta wayam, ga tsohon ciki, tana haki kamar ta hau dutse. Bayanta wata mace ce cikin fararen kaya.

"Baba, ga Sista Esther, ita ke duba mu. Na gaya mata aikinka."

Sista ta rusuna ta gaishe shi, ba ta tsaya dogon zance ba.

"Baba, in ba a gano gaskiya ba kafin gobe, ban san abin da za a yi wa Caleb ba. Kuma masu aiko da gishirin in suka ji an sace, sai su ɗauke shi su kai wani gari."

Ya kama hannun Kulu ya buɗe tafin. Fari fat, kamar an wanke shi da toka. Ya ɗauki sandarsa.

Nura mijin Kulu yana goge babur ɗinsa na acaɓa a soro. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, da ka huta. Kowa ya san wanda ya ɗauka."

"Ka gani da idonka?"

"Ba sai na gani ba."

"To ni sai na gani."

*

A ƙofar siton bai kalli kwaɗon ba, ƙarfen da kwaɗon ke rataye a jikinsa ya kalla. Ya shafa katakon da ɗan yatsa.

"An zare ƙusoshin nan an mayar. Ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Mai makulli me zai kai shi wannan wahala?"

Sista ta dafe ƙirji. "Ka ga! Mu je mu gaya wa mai unguwa."

"A'a. Za su ce ya yi ne don ya ɓad da sawu. Yaushe aka rufe?"

"Jiya Juma'a kafin azahar. Sai ruwan nan ya sauko bayan an taso daga masallaci, bai ɗauke ba sai magariba. Ko kare bai fito ba."

Ya zaga ginin sau da yawa. Ruwa ya share ƙasa tas. Ya tsuguna, ya miƙe, ya sake zagawa, ransa yana ɓaci. A daji ko ruwa ya yi akwai ciyawar da ta karye, akwai kashin shanu. Nan kuwa siminti ne da kwata da leda.

Can bayan ginin ya hangi awaki uku sun haɗa kai wuri guda suna lasar ƙasa. Babu ciyawa a wurin, babu dusa. Ya kore su, ya dangwali ƙasar ya sa a harshe. Gishiri. Ya ɗaga kai, can gaba a bakin lungu wata akuya da ɗanta suna lasar gindin katanga.

"Buhu ɗaya ya huje," in ji shi. "Koma bakin aikinki, Sista. Na samu 'yan rakiya."

Haka ya bi su, lungu bayan lungu. Inda babu akuya akwai shaidar harshenta, ƙasa ta yi sumul an lashe ta har ta zurma. Ya wuce bayan garejin makanikai, ya tsallake kwata, mata suna leƙensa ta ƙyaure suna tambayar juna ko tsohon ya zautu ne. Hanyar ba ta nufi kasuwa ba, ba ta nufi titi ba. Ta kai shi bakin wani kududdufi da ke bayan gidaje.

Nan yumɓu ya riƙe abin da rairayi ya saki. Sawun tayar baro ɗaya, ta je ta dawo, ta je ta dawo, tayar da faci a gefe. Buhunan duka suna nan, wayam, an ninke su an danne da dutse. Talibambam sun mutu sun yi fululu a bakin ruwan. Ga sawun mutum: takalmin fata mai ɗinki a gefe, irin na zuwa Juma'a, ya shiga ruwan gishirin har idon sawu. A gefe guda kuma ƙasa ta lotsa, inda mutumin ya zauna cikin ruwan sama ya daɗe.

Isyaku ya tsaya yana kallon wurin. Ya bi ɓarayi da yawa a rayuwarsa. Bai taɓa ganin wanda ya zubar da abin da ya sata ba, balle ya zauna.

*

Ya fara biyawa ta gidan Caleb. Mutumin ya buɗe ƙofa kaɗan, yarinyar tana bayansa da filasta a goshi. Takalmansa sau-ciki ne na roba, babu na fata a ɗakin.

"Jiya ina ɗaki, Baba. Ranar Juma'a ba na yawo, ka san yadda gari yake yanzu. Shaidata matata ce kawai, ita kuma wa zai yarda da ita?"

"Wa ya kafa ƙofar siton?"

"Wani kafinta ne a bayan layinmu, Malam Shehu. Mutumin kirki. Ko kuɗin ƙusa bai karɓa ba."

Da zai tafi ya sunkuyar da kai, don idonsa ba ya iya barin ƙasa. Ƙofar ɗakin cike take da sawun masu jifa. A cikinsu akwai silifa mai ɗaurin waya a ƙasa, ta dama, wadda yake tsallakewa kullum a soron gidan da yake kwana. Sawun ya nutse ta gaba, yadda ƙafa ke yi in mutum ya ɗaga hannu ya yi wurgi da ƙarfi. Na Nura ne.

Ya haɗiye abin, ya yi gaba da sauri kamar ana korarsa.

*

Baro mai facin taya bai yi wuyar samu ba. Yana bakin kasuwar Tarauni, mai shi Lawan yana kwance a ciki yana cin rake. Da ya ji tambayar ya diro.

"Wallahi tallahi Baba, ni na kai buhunan nan ranar da aka kawo su, daga nan ban ƙara taɓa su ba! Jiya na jingine shi a bayan mai shayi na tafi masallaci, ruwa ya tsare ni a can. Da safe na tarar da shi a wurin, an ma wanke min shi. Na ce wane ɗan albarka ne?"

"Kana ɗaure shi?"

"Wa zai saci wannan? Kowa a unguwa ara yake."

Isyaku ya kalli ƙafarsa. Takalmin taya, faso ya cinye dugadugan.

"Wa ya fi kowa ƙin gishirin nan?"

Lawan ya waiga hagu da dama, ya nuna wani shago da leɓe.

Shagon Alhaji Bello ne, dillalin gishiri mai tsakuwa, irin wanda ba a sa masa komai ba. Tun da aka buga gangar siyasa shagon ya koma majalisa, samari a kan benci, rediyo yana ta surutu. Ƙafarsa kuwa cikin takalmin fata take, mai ɗinki a gefe. Isyaku ya ƙura wa takalmin ido.

"Ni ba na ɓoye magana, Malam," in ji Alhaji Bello. "Soja sun tafi, baki ya buɗe. Na faɗa, kuma zan sake faɗa: babu mai ba ka abu kyauta don Allah. Ƙayyade iyali ne aka naɗe a buhu. Amma sata? Ni? Jiya ina kasuwar Dawanau, ruwa ya rufe ni a can, mutum goma za su shaida."

"Ciniki ya ragu tun da aka fara rabon?"

"Ya ragu, sai me? In hujja kake nema je ka gidan Shehu kafinta. Matarsa Husaina ta ci gishirin, ranar Laraba ta haifi ɗa namiji ba rai. Ɗan fari, bayan shekara da shekaru suna nema. Ni na fara gaya masa a maƙabarta, na ce Shehu, ka ga abin da nake faɗa."

Isyaku ya yi kamar sandarsa ta faɗi, ya sunkuya ya ƙare wa takalmin kallo. Ja ne, yana ƙyalli, ƙasansa a bushe. Kuma ya fi sawun kududdufi faɗi.

*

Ya je gidan Shehu a matsayin mai ta'aziyya. Ya same shi shi kaɗai a kan tabarma, ƙafa ba takalmi, ido ya faɗa. Siririn mutum ne mai sanyin murya. Daga cikin gida ana jin nishi sama-sama.

"Allah ya sa mai ceto ne. Ya mai jikin?"

"Da sauƙi."

"An kai ta asibiti?"

Fuskar Shehu ta canza. "Ta gama da asibiti."

Isyaku ya dubi soron, babu takalmi ko ɗaya a fili. Bai ƙara tambaya ba, gidan makoki ba wurin tuhuma ba ne. Daga nan ya wuce wurin mai unguwa ya faɗi sunayen waɗanda yake so a kira. Sannan ya biya wurin wani baduku ya roƙi ƙyallen jar fata guda biyu. A gida ya ce Kulu ta kankaro masa ɗan gishirin da ya rage a gindin gwangwaninta. Ta ba shi tana kallonsa, don shi ke nan abin da ya rage mata. Tuwon ranar bai ci ba. Nura ya yi masa sannu, ya kawar da kai.

*

Lahadi da la'asar zauren mai unguwa ya cika, waje ma ya cika. Caleb yana rakuɓe a kusurwa, Sista Esther kusa da shi. Lawan yana ta rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Alhaji Bello ya zo da samarinsa. Shehu ya zauna kusa da ƙofa, an ce masa shaida kawai zai bayar a kan ƙyauren da ya kafa.

Isyaku ne ƙarshen shiga. Ya daɗe a bakin ƙofa, inda kowa ya tuɓe takalminsa.

"Ranka ya daɗe, gishiri ba a sayar da shi ba. Yana cikin kududdufi, ya narke. Ga buhunan." Ya zube su. Zauren ya ɗauki hayaniya, mai unguwa ya ɗaga hannu.

"Wanda ya yi, ba da makulli ya shiga ba, ƙusa ya zare. Baron Lawan ya ara. Takalmin fata ne a ƙafarsa, kuma ya tsaya da shi cikin ruwan gishirin."

"Rabin Kano takalmin fata suke sawa ranar Juma'a," in ji Alhaji Bello.

"Gaskiyarka, Alhaji."

Ya ciro ƙyallayen fatar nan biyu ya shimfiɗa a gaban mai unguwa.

"Tun safe na jiƙa su. Wannan da gishirin kasuwa, kun ga fari kawai ya yi a baki-baki. Wannan da na asibiti." Na biyun ya yi baƙi-baƙi kamar an ɗiga masa tawada. "Fatarmu da bagaruwa ake jeme ta. Bagaruwa kuwa in ta haɗu da ƙarfe baƙi take yi, kowane baduku da haka yake rina baƙar fata. Abin da ke sa zoɓonku duhu ke nan, ƙarfen da aka ce yana ciki, yana ciki."

Ya juya ya fita, ya dawo riƙe da takalmi ƙafa biyu. Igiyoyin sama ja ne. Daga ƙasa zuwa rabi baƙi ƙirin, an goge an goge bai fita ba.

"A bakin ƙofa na same su. Ba zan kira suna ba. In an tashi, kowa zai sa nasa."

Aka fara kallon juna, ana kallon ƙafafu. Sai Shehu ya miƙa hannu, a hankali.

"Nawa ne, Baba."

Wani daga waje ya yi salati. Shehu bai kalli kowa ba.

"Na wanke ɗana da hannuna. Har gashi gare shi. Na dawo na ga mata suna ta zancen rabon Asabar, na ce su ma haka za a yi musu. Ban saci komai ba, ko tsinke ban kai gida ba. Na zubar ne don kada wani ya binne nasa." Ya share ido da hannun riga. "Da na ji an jefi yarinyar Caleb na tashi zan fito in faɗa. Ƙafata ta ƙi."

Ya juyo wurin Sista Esther, ido jajir.

"In ba gishirinku ba ne, me ya kashe min ɗa?"

Sista ta matso ta durƙusa a gabansa.

"Malam Shehu, Husaina cikinta ya tsufa kafin ta fara zuwa wurinmu. Ranar da na fara ganinta farar ƙasa take ci, ƙafa a kumbure, cikin idonta fari kamar takarda. Jininta ya riga ya ƙare. Gishiri a hankali yake aiki, ba ya tayar da wanda ya riga ya faɗi. Na ce a kai ta babban asibiti a ƙara mata jini, ta ce sai ta tambaye ka."

"Ta tambaye ni," in ji shi, da ƙyar. "Na ce a bari ta haihu tukuna."

"Yanzu tana ina? Jinin ya tsaya?"

Isyaku ne ya ce, "Jiya daga soro ina jin nishinta."

Sista ta miƙe zumbur. "Ranka ya daɗe, shari'a ta jira. A samo mota!"

Alhaji Bello ne kaɗai mai mota a wurin. Mai unguwa ya dube shi, jama'a suka dube shi. Ya laluba aljihu ya miƙa makulli. Shehu ya fita a guje ba takalmi.

*

Husaina ta rayu, da ƙyar. Mai unguwa ya roƙi masu asibitin kada a kai maganar wurin 'yan sanda, Shehu ya ɗauki alkawarin yi musu benci da kantoci har sai sun ce ya isa. Masu aiko da gishirin suka ce za su sake turowa, amma sai bayan kaka. Kulu kuwa kafin kaka za ta haihu, sai Sista ta haɗa ta da ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce ta dage da zogale da hanta. Alhaji Bello ya yi kwana biyu shiru, sannan ya ci gaba da maganarsa, sai dai bencin ya rage cika.

Unguwa ta koma harkarta. Isyaku ne bai koma ba. Ran nan da hantsi ya tarar da Nura zai fita da babur, ya riƙe kan babur ɗin.

"Kashe shi. Ka raka ni."

"Ina, Baba?"

"Inda ka je ranar Asabar."

Nura ya buɗe baki zai musa, ya ga idon tsohon yana kan silifarsa, ya rufe.

Sun tarar da a-kori-kura a ƙofar ɗakin Caleb, an ɗora katifa da tukwane. Matarsa tana gaba da yarinyar a cinya.

"Ina zuwa kuma?" in ji Isyaku. "Ai an wanke ka."

"An wanke ni, Baba, na gode. Amma shekarata bakwai a layin nan. Waɗanda suka yi jifan, akwai wanda na kai matarsa asibiti a bayana. Ka gano mai gishiri. Su fa?"

"Sawun ya yi yawa, ɗana. Ɗaya na sani." Ya tura Nura gaba. "Ga shi. Tuwonsa nake ci."

Nura ya tsuguna, yana ta murza hularsa. "Don Allah ka yi haƙuri. Na ga ana yi ne, matata kuma za ta dawo ba gishiri, raina ya ɓaci. Ban san zai sami yarinya ba."

Caleb ya daɗe yana kallonsa.

"Ba ni ka fasa wa kai ba. Ga ta can."

Nura ya miƙe ya je jikin motar, ya sunkuya ta taga, ya ce, "'Yan mata, yi haƙuri." Yarinyar ta dube shi, ta dubi hannunsa, ta cusa fuskarta a ƙirjin uwarta. Direba ya tayar da mota.